Ranar da Yayarku Ta Ja Mu Hanyar Bakin Teku

Akwai wata magana da kuka daɗe kuna yi a gidan nan, musamman ranar sallah idan falo ya cika an ƙoshi, wai ni na kori yayarku zuwa Brighton. Safiya ce ta fara, Husna ta ɗauka, yanzu har jikoki sun iya. Ina jin ku daga kicin, wani lokaci har in taya ku dariya, ban taɓa gyara muku ba. To yanzu gwiwa ta zaunar da ni, zama ba aiki kuma yana gundurata, shi ya sa na ɗauki biro in faɗa muku yadda abin ya kasance, tun ina da sauran tunani.

A shekarar muna flat ɗinmu na Edmonton a nan London, hawa na huɗu, wanda tagar kicin ɗinsa ke kallon layin jirgin ƙasa. Yayarku tana da shekara goma sha takwas, tana shirin jarrabawar ƙarshe. Jami'a biyu suka ba ta gurbin karatun zanen gine-gine. Ɗaya a Aldwych take, cikin gari, ta fita da safe ta dawo ta ci tuwon dare tare da mu. Ɗayar a Brighton, bakin teku, sai dai ta kama ɗaki can. An ba ta zuwa ƙarshen mako mai zuwa ta zaɓi ɗaya. Ita Brighton take so. Babanku ya ce Aldwych. Sun yi wata guda suna ja, shi da Hausa ita da Turanci, a kan teburin cin abinci, ni kuwa ina zuba miya ina kwashe kwanuka kamar ba da ni ake ba. Idan ya juyo ya ce, "Maman Safiya, ke ba ki ce komai ba," amsata ɗaya ce: "Duk yadda ka gani, Malam."

Dole in tsaya a nan in yi muku bayanin abin da ban yi muku ba kuna yara, don ban san yana bukatar bayani ba. A Dutsin-Ma inda na tashi, mace ba ta nuna ɗan fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta yabonsa, ba ta sa baki a maganarsa a gaban mutane. Ni ma 'yar fari ce. Innata ba ta taɓa kiran sunana ba har ta koma ga Allah, kuma ban taɓa kwana da tunanin ba ta sona ba. A ɗakin kakata Iya na girma, ita ke yi min kitso, ita ke ɓoye min ƙanzo da ƙuli, goggonnina uku suna rige-rigen goya ni. Kowa a unguwa ya san me shirun Inna yake nufi, ni ma na sani ba tare da an faɗa min ba. Da na haifi yayarku a asibitin nan London, abin ya zo min biyu: 'yar fari ce, kuma sunan mahaifiyar babanku aka sa mata. Shi yana ce mata Ummi, ya ɗora ta a wuya ya zaga falo da ita. Ni ko Ummin ba na iya faɗa. "Ke" nake cewa, ko in aike ku, "ku ce wa yayarku ta zo." Da aka haifi Safiya matan unguwa suka fara ce min Maman Safiya, na ji daɗi, na ga sun san ya kamata.

Babanku ne ya kawo shawarar tafiyar. Litinin ɗin bank holiday ce ta watan Mayu, ranar hutun ƙasa, ba ya zuwa aikinsa na asibiti. Ya ce a je a ga garin da ido, kada a ce ya hana abin da bai gani ba. Na san shi, ya riga ya yanke hukunci, so yake garin ya taya shi faɗa. Amma ya ce tunda za a fita, ba za a bi babbar hanya kai tsaye ba, za mu sauka Eastbourne mu bi ta gefen teku, wani abokin aikinsa ya ba shi labarin hanyar. Tun bayan asuba nake kicin. Dambun shinkafa da zogale a babbar kula, soyayyar kaza, zoɓo a gora biyu, shayi a flas, tabarma, buta, sallaya uku. Safiya ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon kayan.

"Mama, yini ɗaya za mu yi fa, ba Hajji za mu ba."

"Idan yunwa ta kama ki a daji sai ki ci iska."

"Akwai fish and chips a ko'ina."

"To ke ki ci shi, a bar mana kazar."

Ta ɗauki kular.

Babanku ya ja mu har Eastbourne. Ni ina gaba ina jan carbi, ku uku kuna baya kuna rigimar waye ya taka ƙafar wani. Da muka tsaya shan mai sai ya zaro makulli ya miƙa wa yayarku, wadda ba ta fi wata biyu da cin jarrabawar tuƙi ba. Ina ganin toshiyar baki ce, a ba ta mota yau a hana ta gari gobe. Na koma baya tsakanin Safiya da Husna, ya zauna kusa da ita yana "a hankali, Ummi, a hankali," tun ba ta tayar da motar ba.

Ban san yadda zan kwatanta muku abin da na ji da hanyar ta hau tudu ba, ku da kuka saba da shi. Shekara goma sha tara ina ƙasar nan, ban taɓa ganin teku ba sai ta tagar jirgi. Gidaje suka ƙare, sai ciyawa kore shar kamar an shimfiɗa darduma, hanya siririya tana lanƙwasa a cikinta, ga wasu ƙayoyi masu fure rawaya a gefe. Muka sha wata kwana, sai ga ruwa ya cika gilashin mota daga wannan gefe zuwa wancan, ba a ganin inda ya tsaya sama ta fara. Ƙasa ta yanke tsaf kamar an sa wuƙa, gaɓar fara fat irin alli. Bakina ya kama tasbihi da kansa. Tumaki birjik a kan tudu, masu ƙiba, ba makiyayi, ba kare, ba kowa.

"Kun gani ko?" in ji babanku. "Ragunan layya suna yawo ba mai su. A sake su haka a hanyar Kankiya, a dawo la'asar a ƙirga."

"Baba, stop," in ji Husna, tana dariya.

Ni kuwa rabin idona yana kan teku, rabi yana kan madubin direba. Ta nan nake ganin goshin yayarku da idanunta. Ta riƙe sitiyari da hannu biyu, ta cije leɓe, duk kwanar da za ta sha sai na ga bakinta ya motsa da bismillah. Ni na koya mata wannan tana ƙarama, a kan matakalar bene. Tuƙinta ya fi na babanku natsuwa, na faɗa a zuciyata, ban faɗa a fili ba.

Muka tsaya a wani wuri da ake ajiye motoci, inda aka yi matakalar ƙarfe mai sauka bakin ruwa, daga nan ana hango gaɓoɓin nan farare a jere. Azahar ta yi. Muka yi alwala da ruwan buta, sanyinsa har cikin haƙori. Iska ta hana sallaya zama, sai da Husna ta tsinto duwatsu aka danne kowace kusurwa, hijabina yana kaɗawa kamar tuta. Babanku ya ja mu sallah, muka yi ƙasaru muka haɗa da la'asar. Wasu tsofaffin Turawa biyu da karensu suka ratse ta can nesa don kada su gifta ta gabanmu, matar ta ɗaga min hannu bayan na sallame. Sannan aka buɗe kula. Safiya mai fish and chips ita ta fara ƙari. Babanku ya ɗaga cinyar kaza yana bayanin yadda ruwa ke cin gaɓar nan kaɗan-kaɗan, sai wani farin tsuntsun teku ya sauko ta bayansa ya fauce ta, ya bar shi da hannu a sama.

"La ilaha illallahu! Wannan ko shirwar gida ba ta kai shi rashin kunya ba!"

"Baba, sadaka ka yi," in ji Safiya.

"Sadakar dole? Ban yafe ba."

Har ni sai da na yi hawayen dariya. Yayarku ce kawai ta yi murmushi ta ci gaba da juya cokali a dambu.

Bayan an ci, babanku ya ce a sauka a taɓa ruwa. Na leƙa matakalar na ce gwiwata ba za ta iya ba, tun a lokacin ta fara. Ya tafi da ku biyu. Yayarku ta ce ta gaji da tuƙi, za ta zauna. Muka zauna a benci ɗaya, ni a wannan ƙarshe ita a wancan, flas a tsakaninmu. Na lura rabon da mu zauna mu biyu kaɗai haka, ba aiki a hannuna, na manta. Muna hango ku can ƙasa kamar tururuwa, Husna tana gudu ruwa yana bin ta. Sai ta yi magana, ba ta kalle ni ba. Da Turanci ta fara, sannan ta koma Hausarta mai karyayyen harshe, wadda ba ta yi sai magana ta yi mata nauyi.

"Mama, you don't mind either way, do you? Ko na tafi ko na zauna, duk ɗaya ne a wurinki."

"Wace irin magana ce wannan?"

"Ba faɗa nake ba. Na saba. Baba yana so in zauna, at least na san yana so. Ke ba ki ce komai ba."

"Maganar ta babanki ce."

"Da Safiya ce za ki ce haka? Kowane parents' evening na Safiya, duk taron iyaye a makaranta, kin je. Nawa Baba kike turawa. Ranar da na karɓi prize kowa ya rungume ni, ke kika ce a zo a tafi kada bas ya wuce. Kowa Maman Safiya yake ce miki. Ni fa? Ina primary wata ƙawata ta tambaye ni ko ke stepmum ɗina ce, matar babana kawai, don ba ta taɓa jin kin kira sunana ba. Na ce mata a'a. Na dawo gida na duba birth certificate."

Ta faɗi wannan tana ɗan dariya, kamar labarin wani take bayarwa. Ni kuwa ji na yi kamar bencin ya zame daga ƙarƙashina. Shekara goma sha takwas ina ganin girmama ta nake. Ina ganin ta sani, yadda na sani. A kan bencin nan na gane abin da ban taɓa lissafawa ba: Inna ta yi min shiru ne a gidan da akwai Iya, akwai goggonni, akwai unguwa guda da za ta fassara min shirun. Ni na ɗauko shirun na zo da shi hawa na huɗu a Edmonton, na baro Iya da goggonnin a gida. Ba wanda ya goya yarinyar nan a madadina. Ba wanda ya taɓa ce mata ga abin da ake nufi.

Kuna tsammanin na jawo ta na rungume? Ban iya ba. Na buɗe baki, harshena ya ƙi. Abin da ya fito shi ne, "Ki sha shayi, akwai sanyi." Na zuba mata har ya zube a kan bencin. Ta karɓa ta ce na gode. Kuka hauro da jiƙaƙƙun ƙafafu da aljihu cike da duwatsu, aka koma mota.

Sauran hanyar ban gan ta sosai ba. Na san mun sauka wani kwari inda kogi ke murɗawa kamar igiya kafin ya shiga teku, mun wuce Seaford, mun tsaya a gada a Newhaven, daga nan hanya ta sake hawa gaɓa, ruwa a hagunmu har Brighton. Ina ta istigfari a zuci ina roƙon Allah Ya kwance min baki. A Brighton garin ya taya babanku faɗa yadda yake so. 'Yar ranar da ta fito ta sa mutane sun tuɓe sun baje a kan tsakuwa, kiɗa ko'ina, wani ya wuce mu da koren gashi. Babanku yana tafe yana kallon takalminsa. Yayarku ta kai mu ginin da ake koyar da zanen, muka leƙa ta gilashi, ga dogayen tebura da ƙananan gidaje na kwali. Ta nuna mana wani ƙaramin masallaci da ta riga ta binciko, da shagon nama na halal, da gidan da 'yan mata Musulmi huɗu suke haya. Duk ta rubuta a takarda. Muka koma inda muka ajiye mota, kowa ya shiga aka rufe ƙofa, sannan babanku ya yi magana.

"To, an gani," in ji shi. "Ummi, kin yi ƙoƙari, amma wannan ba garin da zan bar 'ya mace ba ne. Aldwych za ki. Ko, Maman Safiya?"

Tambayar al'ada ce, har ya fara juyawa ya ɗaura bel. Yayarku ta sa makulli, ba ta ma jira amsata ba.

"Malam, ka bar ta ta zo."

Husna ta daina tauna.

"Me kika ce?"

"Na ce ka bar ta. 'Yata ce, ni na haife ta, na san ta." Kalmar nan 'yata ban taɓa faɗinta a kanta a gabansa ba, kunya ta rufe ni har kunnuwana suka yi zafi, amma tunda baki ya buɗe sai ya ƙi rufuwa. "Tun tana shekara bakwai take yanka kwalin madara tana gina gidaje, suna nan a saman wardrobe ɗina, ban zubar da ko ɗaya ba. Ba ta taɓa bari na tashe ta sallar asuba ba, ni nake jin motsin butarta. Ranar da aka ba ta kyauta a makaranta, takardar tana cikin Alƙur'anina. Yau ka ga tuƙinta, ba ta sha kwana ɗaya ba bismillah ba. Wanda zai lalace ko a Edmonton zai lalace. Wannan ko ina ka ajiye ta ba za ta ba mu kunya ba. Idan wani abu ya faru, ni ka tambaya."

Babanku ya juyo gaba ɗaya yana kallona kamar an canza masa mata a hanya.

"Ikon Allah. Yau kuma? Ashe kina magana a kanta."

"Yau dai na yi."

"Mama's got a favourite," in ji Safiya a hankali, "kuma ba ni ba ce. Duk shekarun nan an yaudare ni."

"Rufe mana baki," in ji babanku, amma muryarsa ta riga ta sauka.

Yayarku ta kifa goshinta a kan sitiyari, kafaɗunta suna rawa. Babanku ya jira, ya jira, sannan ya ce ta fito ya ja, ba zai bari mai kuka ta kashe shi a kan motorway ba. Ta dawo baya. Safiya ta bar mata wurinta ta koma gaba ba a ce mata ba. Kafin mu fita daga garin ta ɗora kanta a kafaɗata, nauyinta duka, irin yadda ba ta yi ba tun tana goye. Na rasa inda zan sa hannuna. Daga baya na sa shi a kan nata. Rana ba ta faɗi ba muka shigo London.

Babanku ya yi kwana biyu yana amsa gaisuwata a taƙaice. A na uku ya dawo daga aiki da babban akwati ja, ya ajiye a ƙofar ɗakinta, ya ce ya yi istihara. Da labari ya kai Dutsin-Ma cewa na tsaya wa 'yar fari a gaban mijina, Inna ta aiko a ce min Turai ta cinye min kunya, amma wadda ta kawo saƙon ta ce tana faɗa tana murmushi. A watan Satumba muka kai ta. Ban yi kuka a gabanku ba, shi ya sa kuka ce ni na kore ta. Da farko duk Juma'a tana gida, sai ya koma wata-wata, sai ta gama ta sami aiki can, sai Allah Ya haɗa ta da mijinta can. Shekara da shekaru ke nan, teku bai dawo min da ita ba. Alhamdulillahi, ba ta ba mu kunya ba ko sau ɗaya. Ɗanta na fari kuwa, tana kiran sunansa sau ɗari a yini, tana sumbatarsa a tsakiyar titi, ni ce nake kawar da kai don kunya, a raina ina cewa Allah Ya ƙara.

Saura abu ɗaya, shi ne dalilin rubutun nan, kuma ba da ku biyu nake ba yanzu. Ke nake wa magana. A motar nan na faɗi gaskiya, amma ban faɗe ta duka ba. Aldwych nake so. Na fi babanki son ki zauna. Wata gudan nan da kuke ja, kullum bayan sallah roƙona Allah Ya sa ya yi nasara a kanki, in ci gaba da jin motsinki a gidan ko ba na iya kiranki. Na ce a bar ki ne don na ga in na ce ki zauna, za ki ɗauka bin bayansa na yi kamar kullum, ni kuma ba ni da wani abu mai girma da zan ba ki a ranar sai tafiyar. Ban yi nadama ba. Amma kin tambaye ni a kan benci ko duk ɗaya ne a wurina, na ce ki sha shayi. Ba ɗaya ba ne. Bai taɓa zama ɗaya ba.